Goro da Gahawa: Sabo da Lafiyar Jiki a Ƙasar Kabi



A Birnin Kabi da Argungu ba a rasa dattijon da, in an tambaye shi abin da ya fi daɗewa da shi a duniya bayan salla, zai ce goro. Ya fara cinsa tun yana saurayi a bakin fadama, da shi aka ɗaura masa aure, da shi ya raɗa wa 'ya'yansa suna, yau kuwa haƙora sun ƙare amma ga ɗan magogi a aljihu, ya goga ya zuba a baki. Wannan mutum shi ne takwaran Balaraben nan ko Baturen da idonsa ba ya buɗewa sai ya kurɓi gahawa. Makasudin wannan lacca shi ne a duba abin da ya haɗa su da kuma inda suka rabu, domin a wajen rabuwar ake yawan yin kuskure.

Goro dai ɗan kurmi ne, ba ya yi a ƙasar Hausa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowarsa da zamanin Amina ta Zazzau, wadda aka ce Sarkin Nufe ya aiko mata da goro 10,000. A ƙarni na 19 fatake ne ke ɗauko shi a kan jakai daga Salaga ta ƙasar Gwanja, tafiyar watanni, kuma ayari da yawa ta wannan yanki suke bi: su yi zango a kasuwar Jega, su ƙetare Kwara ta Illo ko ta Yawuri. Ko shahararren malamin nan na Salaga, Alhaji Umaru, wanda ya rasu a Kete Karaci a 1934, asalin kakanninsa Kabawa ne. Abin da ya sha irin wannan tafiya kuwa ba na kowa ba ne. Sarakuna da attajirai ke cinsa yadda suka ga dama, talaka sai ran biki. Sai da aka shiga noma goron Gwanja a ƙasar Yarbawa, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a farkon ƙarni na 20, sannan ya yi arahar da manomi zai saya kullum. Watau ke nan, cin goro safe da yamma tun daga ƙuruciya har tsufa, a tsakanin talakawa, bai daɗe kamar yadda ake zato ba.

Ita kuwa gahawa, sufayen Yaman ne suka yayata shanta a ƙarni na 15 don su iya raya dare da zikiri, har ta kai ga an hana ta a Makka a 1511, hanin da bai yi ƙarko ba. Malamin da ke ɓare goro don kada gyangyaɗi ya raba shi da littafi, bukatarsu ɗaya da waɗancan sufaye, kuma maganinsu ɗaya, wato sinadarin da ake kira kafeyin. A 1819 wani Bajamushe mai suna Runge ya tace shi daga gahawa, daga baya a cikin ƙarnin aka gano shi a goro.

Yadda yake aiki abin lura ne ƙwarai. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana ta taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ne ke sanar da jiki cewa an gaji, lokacin barci ya yi. Kafeyin sai ya je ya tare gurbin da adenosin ke sauka, saƙon ya kasa isa. Saboda haka Basarken da ya kwana a kan ruwa da homa, da manomin shinkafar da ya wuni a fadama da goro ɗaya a ciki, da direban da ya taso daga Legas bai runtsa ba, babu wanda goro ya ƙara wa ƙarfi a cikinsu. Gajiyar tana nan, an toshe mata baki ne kawai, yunwar ma haka. Ga manomi abin ya tsaya a kan rama da kasala. Ga direba kuwa, mai ɗauke da rayukan mutane, maganar ta wuce nan. Bugu da ƙari, jiki kan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabin abin da aka ci, don haka goron bayan la'asar yana nan yana aiki har a yi isha'i, tsoho ya kwana yana juyi, gari ya waye ya nemi wani goron don ya kori kasalar da na jiya ya jawo.

Shaidar sabo kuwa ba sai an je asibiti ba, azumi ya isa. Ciwon kan nan da ke kama maciya goro a ranakun farko na Ramalana, wanda akan ɗora wa yunwa da rana, sau da yawa rashin kafeyin ne. Yakan fara tsakanin awa 12 zuwa 24 da dainawa, ya lafa cikin 'yan kwanaki.

To, ga inda aka rabu. An yi wa gahawa bincike mai yawan gaske, kuma yawancinsa ya wanke ta. Hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa ta cikin abubuwan zargi a 1991, ta fitar da ita a 2016. An kuma lura cewa masu shan kofi 3 zuwa 4 a rana sun fi waɗansu tsira daga ciwon sukari da waɗansu cututtukan hanta. Mai goro da ya ji wannan sai ya ce ai shi ke nan, an wanke shi. Amma fa wannan sauƙi na ciwon sukari an gan shi har ga masu shan gahawar da aka cire wa kafeyin, abin da ke nuna cewa alherin daga waɗansu sinadaran ƙwayar gahawa yake. Abin da goro ya tabbata ya yi tarayya da ita a kai shi ne kafeyin ɗin, tare da halayensa: bugun zuciya, da rawar hannu, da ɗaga jini na ɗan lokaci, da ƙara ruwan tsamin ciki. Goro ba shi ne tushen gyambon ciki ba, tun da an gano a 1982 cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawansa, sai dai mai gyambon da ya karya kumallo da goro ya san abin da yake ji.

Sa'an nan ga maganar awo. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce a 2015 miligiram 400 na kafeyin a rana ba ya cutar da baligi mai lafiya, mace mai ciki kuwa kada ta wuce 200. Mai gahawa yana iya ƙirga kofinsa. Mai goro fa? Marsa ɗaya na iya kai kofi guda ko ta fi, minu ba ta kai ba, kuma goro ba a cinsa da lissafi: wannan ya ɓara ya miƙo, a je ɗaurin aure a samu, a je suna a samu, ƙin karɓa kuma rashin ladabi ne. Dattijon da bai taɓa auna jininsa ba yana iya wuce wancan iyaka kafin azahar bai sani ba. Mace mai ciki ta fi shi shiga haɗari, domin a watannin ƙarshe jikinta kan ɗauki ninki biyu ko uku na lokacin da ya saba kafin ya fitar da kafeyin, yana kuma ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayin da hantarsa ba ta iya sarrafa shi ba tukuna. Ita ma kuwa akan miƙa mata goro, wai don ya kwantar mata da tashin zuciya.