Yaron da ba ya amsa kira: jawabin malamin lakwal a taron ƙungiyar gari

 

Ranka ya daɗe maigari, Allah gafarta malam liman, dattawan gari, iyayenmu mata, shugaban ƙungiya da ƴan kwamiti, da ƴan'uwanmu ƴan ci-rani da suka dawo daga Yamai, Kano, Agadas, Abijan da sauran wurare, ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode da kuka ba ni izinin magana alhali ni ƙarami ne a cikinku. Zancen da na zo da shi yau ya shafi waɗansu yara da ke cikin gidajenmu, waɗanda ba a cika fito da maganarsu a fili ba saboda kunya ko tsoron bakin mutane.

1. Wane yaro ake nufi

Kowa a nan ya taɓa ganin irinsa. Yaro ne lafiyayye a jiki, yana ci yana sha yana gudu, amma in an kira sunansa ba ya waiwayowa. Ba ya son haɗa ido da mutane. Ya shekara biyu ko uku bai fara magana ba, ko kuwa ya fara sai maganar ta ɗauke, ko kuma ya riƙa maimaita abin da aka faɗa masa. In yana son ruwa ba ya nuna randa da yatsa, sai ya ja hannun uwarsa ya kai ta wurin. Sa'o'insa na wasan ƴar ɓuya, shi yana gefe yana jera tsakuwa ko murafun kwalba, in aka taɓa masa ɗaya sai kuka ya tashi. Wani yana kaɗa hannuwa, wani yana jujjuyawa, wani yana toshe kunne in injin niƙa ya tashi.

A gari sai a ce ɗan ruwa ne, ko iska ta taɓa shi, ko an yi masa sammu, ko uwarsa ce ta sangarta shi. Likitoci kuwa suna da suna ga wannan hali, suna ce masa otism. A rediyo za ku ji ana cewa galahanga, sai dai wannan kalma ana haɗa ta da waɗansu larurori dabam, shi ya sa zan tsaya ga sunan da likitoci ke faɗi.

2. Abin da masana suka gano

A 1943 wani likitan yara a birnin Baltimo na Amurka, mai suna Leo Kanner, ya rubuta bayanin yara 11 da ya duba, dukansu da irin waɗannan alamu. A 1944 wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Hans Asperger, ya ba da labarin yara masu irin wannan hali amma suna magana sosai. Daga baya wata likita ƴar Ingila, Lorna Wing, wadda ita ma ɗiyarta na da otism, ta nuna cewa abin mataki-mataki ne. Akwai wanda ba zai yi magana ba har girmansa, yana bukatar mai kula da shi kullum. Akwai wanda zai yi karatu, ya yi sana'a, ya yi aure, sai dai zama cikin taro yana yi masa wuya. Tsakanin waɗannan biyu akwai iri-iri.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta ƙiyasta cewa wajen yaro 1 cikin 100 a duniya yana da otism. In muka ɗauki wannan lissafi, garin da ke da yara 500 zai iya samun kamar 5. An fi ganinsa ga maza, wajen ninki uku zuwa huɗu bisa ga mata. Ana samunsa a gidan mai kuɗi da na talaka, a ƙasar Turawa da ta baƙar fata.

Asalinsa yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun yaro na ciki, kuma gado ne ya fi ƙarfi a cikin sanadinsa. A 1977 masana biyu a Ingila sun duba tagwaye 21, suka ga cewa in tagwayen masu kama ɗaya ne, kuma ɗaya na da otism, an fi samunsa ga ɗayan ma. Gadon nan kuwa yana iya zuwa ta wajen uba, yana iya zuwa ta wajen uwa. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko ta taɓa yaro, ko ta shiga ɗakin uwarsa.

3. Laifin da ake ɗora wa uwa da allura

Dattawa, a nan nake roƙon ku saurare ni da kyau. Akwai matan da aka saka saboda sun haifi irin wannan yaro. Akwai waɗanda dangin miji ke yi wa gori, kishiya na yi musu habaici. Turawa ma sun yi wannan kuskure: shekaru da dama waɗansu likitocinsu suna cewa rashin ƙaunar uwa ne ke jawo otism, har bincike ya rushe maganar. Matar da ke kwana ba barci tana tsaron yaro, ta wayi gari ta yi daka ta ɗebo ruwa, ba ta cancanci saki ba. Taimako take bukata.

Sai maganar allurar rigakafi. A 1998 wani likita a Ingila ya ce allurar ƙyanda na jawo otism, bisa ga yara 12 kawai. An bincika aka tarar aikin nasa akwai maguɗi, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma hana shi aikin likita. A 2019 an fitar da binciken yara fiye da 650,000 a ƙasar Danmak, ba a sami wata alaƙa tsakanin allurar da otism ba. Ƙyanda kuwa mun san ta, mun binne ƴaƴa saboda ita. Kada kowa ya hana ɗansa allura don wannan jita-jita.

4. Matakin farko

In yaro ya shekara ɗaya ba ya waiwayowa in an kira shi, ko ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa, ko ya shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko ya manta kalmomin da ya iya, a kai shi gidan likita. Majo zai duba shi, in ya ga dalili ya tura ku babban asibiti a Damagaram ko Yamai. Abin da za a fara dubawa shi ne kunne, don a ƙasarmu sanƙarau na kurmantar da yara, kuma kurma ma ba ya amsa kira. Kulawar kurma dabam, ta mai otism dabam.

Ku sani babu ƙwaya ko jiƙo ko hayaƙi da ke raba mutum da otism. Duk wanda ya ce ku kawo akuya ko jaka goma zai warkar da shi, kuɗinku yake so. Addu'a kuwa kullum muna yi, ba ta hana zuwa asibiti. Waɗansu daga cikin yaran nan suna da farfaɗiya a haɗe, ita wannan likita na da maganinta, kuma yawun mai farfaɗiya ba ya sa wa kowa ciwo. In ta tashi a kwantar da shi a gefe ɗaya, nesa da wuta, kada a sa masa komi a baki.

5. Zaman gida

Ko da yake ba a warkewa, yaro na koyo, kuma in an fara da wuri abin ya fi sauƙi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga abubuwan da kowane gida zai iya yi ba da ko dala ba.

A tsara masa yini iri ɗaya: lokacin tashi, wanka, fura, wasa, kwanciya. Abin da ya saba shi ke kwantar masa da hankali. In za a yi tafiya ko baƙi za su zo, a gaya masa tun da wuri.

A yi masa magana gajera. A durƙusa daidai tsawonsa, a kira sunansa, a nuna masa moɗa a ce "ruwa", a jira kaɗan kafin a ba shi. In ya nuna ko ya yi wani sauti, a yaba masa. Nuni da hannu da hoto duk magana ce ga wanda bakinsa bai buɗe ba.

In ya fashe da kuka yana birgima, sau da yawa abu ne ya yi masa yawa: ƙarar lasifika, kiɗan biki, cunkoson kasuwa, ko rigar da ke sukarsa. Abin da mu muke ji kaɗan, shi yana jinsa kamar tsawa. Duka ba ya koya masa komi sai tsoro. A kai shi wuri mai shiru har ya sauko. Kaɗa hannu ko jujjuyawa kuwa, in ba ya ji wa kansa ciwo, a bar shi, da shi yake lallashin kansa.

Waɗansu ba su cin komi sai abu ɗaya ko biyu, har tamowa ta kama su. A riƙa ajiye ɗan sabon abinci kusa da wanda ya saba, kullum, ba da tilas ba.

Babban haɗari shi ne fita. Da yawansu ba su san tsoron rijiya ko tafki ko mota ba, kuma ruwa na jan hankalinsu. Da damina sai an ƙara sa ido. Amma maganin wannan shi ne ƙyaure mai sakata da murfin rijiya da maƙwabta masu lura. Ɗaure yaro da igiya ko mari, ko kulle shi a ɗaki yini guda, zalunci ne. Haka kuma kada a tura irin wannan yaro almajirci wani gari, inda ba wanda ya san halinsa, shi kuwa ba ya iya faɗin sunan garinsu in ya ɓata. Ya yi karatun allo a nan kusa da gida. Ƴa mace kuwa sai an tsare ta ƙwarai daga miyagun maza, don ba lalle ta iya faɗin abin da aka yi mata ba.

6. Lakwal da sana'a

Ƙasarmu Nijar ta amince a 2008 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda ta ba kowane yaro haƙƙin karatu tare da sauran yara. Ku kawo su lakwal. Mushe zai iya zaunar da yaro a gaba, a benci ɗaya kullum, ya haɗa shi da aboki mai haƙuri, ya hana a yi masa ba'a. Ko bai iya dogon lissafi ba, zai koyi gaisuwa da jiran layi da zama da mutane.

Da yawansu suna son aikin da ake maimaitawa, kuma suna yinsa da tsanaki: ba awaki dusa, ban ruwa a garka, ɓarar gyaɗa, saƙar igiya ko tabarma. Akwai wata mata a Amurka, Temple Grandin, an haife ta a 1947, ba ta yi magana ba sai da ta wuce shekara uku. Uwarta ta ƙi yarda a kulle ta a gidan marasa lafiya, ta nemo mata masu koya mata magana. Ta girma ta zama malamar jami'a a fannin dabbobi, ta tsara hanyoyin bi da shanu masu lanƙwasa don kada su firgita, ana aiki da su a wurare da yawa. Ba kowane yaro ne zai kai nan ba, amma kowane yaro yana da matakin da zai kai in an riƙe hannunsa.

7. Roƙona ga ƙungiya

Ƴan'uwa ƴan ci-rani, kuɗin da kuke aikowa suna riƙe gidaje, Allah ya saka muku. Amma wanda ke da irin wannan yaro ya sani matarsa na ɗauke da kayan mutum biyu. In ka buga waya ka tambayi halin yaron, ka tambayi halin uwarsa. Kafin ka tafi ka wakilta ƙane ko baffa wanda zai kai su asibiti. In ka dawo ka zauna da ɗanka, kada ka ji kunyar fita da shi masallaci ko gona.

Ga ƙungiya ina kawo shawara huɗu. Ta farko, a ware wani abu daga asusu don kuɗin mota zuwa asibiti ga gidan da ba shi da hali. Ta biyu, a yi gayya kafin damina a sa wa rijiyoyin cikin gari murfi. Ta uku, iyayenmu mata su tsara karɓa-karɓa, yadda uwar yaron za ta sami rabin yini a mako ta je kasuwa ko ta huta, don kada nauyin ya faɗa kan yayarsa har a cire ta daga lakwal. Ta huɗu tana hannun malam liman da dattawa: yaron nan zai zama babba, iyayensa za su tsufa. A san tun yanzu wanda zai riƙe shi, a kuma tsare masa rabonsa na gado, gona ce ko dabba, don larura ba ta hana mutum gadonsa.

A 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 2 ga watan Afrilu ta kowace shekara don tunawa da masu otism. Ina roƙon kwamiti ya sa wannan rana a cikin ayyukan ƙungiya, mu zauna mu ga rijiya nawa aka rufe, gida nawa aka taimaka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ɗa na kowa ne.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba iyayen yaran nan haƙuri da lada, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya.