Yabon Gwani Ya Zama Dole: Jawabi Ga Masu Zaɓe Na Bakin Iyaka



Iyayenmu maza da mata, malamai, sarakuna da masu gari, ƴan kasuwa, manoma da makiyaya, matasan Ɗan Isa da Madarumfa, Gidan Rumji da Ƙonni, Matamai, Magarya da Dungas, muna gaishe ku gaisuwa ta girmamawa. Allah ya saka muku da alheri da kuka bar ayyukanku kuka zo.

Kun saba jin ƴan takara suna yabon kansu. Yau wasu mutane za mu yaba, waɗanda ba a buga hotonsu a bango, ba a yi musu kiɗa, amma babu gidan da ke nan da bai taɓa cin moriyarsu ba. Su ne ma'aikatan kula da jin daɗin jama'a: wadda ke zaune a ƙaramin ofishi cikin gidan likita tana neman hanyar da za a duba marar lafiyar da ba shi da ko dala, da jami'in kare yara da ke yawo ƙauye ƙauye yana neman iyayen yaron da ya ɓata, da ƴan sa-kai na gari da ke bin gida gida suna awon yara, da ungozomomin da ke raka mai naƙuda cikin dare a kan amalanke.

Ku da ke bakin iyaka kun fi kowa sanin aikinsu, domin duk abin da ya fashe, nan yake fara zuba.

Ku tuna shekarar 2005. Fara ta ci, ruwa ya ɗauke, hatsi ya yi tsadar da talaka bai taɓa gani ba, tamowa ta shiga yara a jahar Maraɗi har duniya ta ji. Tun daga lokacin aka buɗe wuraren jinyar tamowa, aka koya wa mutanen gari amfani da igiyar awon damtse mai launi uku. Kore lafiya, rawaya a kula, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, a garzaya likita. A Mirya har uwaye aka koya wa su auna ƴaƴansu da kansu. Wanda ke koyarwar, wanda ke komawa ya duba ko uwa ta dawo karɓar abincin yaro, wanda ke lallashin maigida ya bar matarsa ta kwana a likita da jariri cikin tsakiyar aikin gona, shi ne mutumin da muke magana a kansa.

Ku tuna watan Oktoba na 2013, da aka tsinci gawarwakin mutum 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara, kuma akasarinsu daga yankin Kance suka fito. Tun ƙarshen 2014 motoci ke dawo da ƴan uwanmu daga Aljeriya, su sauka Agadas, daga nan a wuto da su Damagaram. Idan motar ta tsaya, wa ke rubuta sunayen yaran? Wa ke gano wannan yarinyar ba ɗiyar matar da ke riƙe da ita ba ce, haya aka ba da ita don bara? Wa ke nemo ƙauyensu ya zauna da uwayenta, ya yi ƙoƙarin mayar da ita lakwal? Ba minista ba ne. Ma'aikacin kare yara ne, sau da yawa a kan babur ɗin aro.

Tun 2019 ƴan bindiga suka koro dubun dubatar ƴan uwanmu daga Zamfara, Sakkwato da Katsina zuwa ƙasar Gidan Rumji. Ku ne kuka fara buɗe musu ƙofa, kuka raba tuwonku da su, Allah ya biya ku. Bayanku sai ma'aikatan nan. Su suka zauna da matar da aka kashe mijinta a gabanta, da yaron da ya daina magana saboda abin da idonsa ya gani. Su suka raka mutane zuwa Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori inda aka tsugunar da su nesa da iyaka. A 2020 kuma, da cutar korona ta sa jihohin arewacin Najeriya suka sallami almajirai, yaranmu suka riƙa ƙetarowa cikin motoci, wani bai ma san sunan ƙauyensu ba sai sunan malaminsa. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya har aka haɗa su da danginsu. Damina ta zo da ambaliya, gidajen laka suka zube, su ɗin dai aka sake kira su ƙidaya wanda ya rasa ɗaki da wanda ya rasa rumbu. Duk wannan kuwa cikin halin da aka shiga a wancan lokacin, bayan rufe iyaka na watan Agusta na 2019 ya tsayar da kasuwancin Jibiya, Illela da Maigatari, ya bar magidanta da yawa hannu rabbana.

Akwai kuma aikin da ba a faɗa a dandali. Matar da yoyon fitsari ya kama bayan doguwar naƙuda, miji ya guje ta, ta ɓuya a bayan ɗaki shekara da shekaru, wani ne ya neme ta ya gaya mata ana yin aikin a Danja kusa da Maraɗi, ya kuma taimaka mata ta koma cikin mutane bayan ta warke. Yaron da aka hana shi zana jarrabawa don ba shi da takardar haihuwa, wani ne ya bi masa har gaban alƙali. Ƙaramin yaron da aka kama da laifi aka kai gidan kaso, wani ne ke tunatar da shari'a cewa yaro ne.

To ga su nan, a madadin jam'iyyarmu da a madadinku, muna cewa: mun gani, mun gode, Allah ya saka da mafificin alheri.

Sai dai jama'a, na gode ba ta cika tukunya. Ku tambayi duk wanda kuka sani cikinsu yadda yake rayuwa. Da yawa ƴan kwantaragi ne ko masu bautar ƙasa, ɗan abin da ake ba su sai wata ya shiga wata kafin ya fito. Wasu ƙungiyoyin agaji na waje ke biyansu, ranar da kuɗin shirin ya ƙare ranar aikin ya ƙare, a sallami mutumin da ya shekara biyar yana koyon sirrin gari. Ana horar da matasa wannan aiki a makarantar ma'aikatan lafiya, su fito da takarda su zauna gida, alhali gunduma guda mai ɗaruruwan ƙauyuka tana hannun ƴan tsirarun jami'ai. Ƴan sa-kai na ƙauye kuwa, riga mai tambari da littafin rubutu ne ladansu.

Ba dokoki ne babu ba. Kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, wanda ya yi aiki har 2023, ya amince wa kowane ɗan ƙasa da haƙƙin lafiya, abinci, ruwan sha da ilimi. A 2011 aka amince da manufar ƙasa ta kare marasa ƙarfi. A watan Disamba na 2017 aka sa hannu kan dokar kare ƴan mata da ke karatu. Tun 2006 aka ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce, amma gwamnati ta bar gidajen likita suna bin ta bashin kuɗin, magani ya ƙare a kanta, a miƙa wa uwa takardar sayen magani ta fita tana kuka. Wa take zuwa wurinsa? Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, wadda ita ma aljihun ofishinta wayam. Doka ba ta da ƙafa. Mutum ne ke ɗaukar ta ya kai ta ƙauye, kuma mutumin nan an bar shi ba mai, ba albashi kan lokaci.

Idan aka ce muku babu kuɗi, ku tuna da binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro a farkon shekarar 2020, wanda rahotonsa na farko ya yi maganar miliyar 76 na sefa da suka salwanta wajen sayen kayan soja, lokacin da ƴaƴanmu sojoji ke mutuwa a Inates da Shinagodar. Ku kwatanta da jika goma a wata da aka riƙa ba iyali matalauta a shirin tallafi. Kuɗi akwai, inda ake zuba su ne ya karkace.

Ga abin da muka ɗaukar muku, ku rubuta ku ajiye.

Na ɗaya, za mu ɗauki ƴan kwantaragin wannan fanni da suka daɗe suna aiki su zama cikakkun ma'aikatan gwamnati, mu fara da gundumomin bakin iyaka.

Na biyu, kowace ƙaramar hukuma ta samu nata ma'aikacin jin daɗin jama'a, da ofishi, da babur, da kuɗin mai da aka rubuta cikin kasafin ƙasa, yadda aikin ba zai tsaya ba don wata ƙungiya ta naɗe kayanta.

Na uku, a biya gidajen likita bashin jinyar kyauta, a kuma ware asusun marasa ƙarfi a kowane babban gidan likita, wanda za a riƙa bayyana lissafinsa a gaban wakilan gari.

Na huɗu, ƴan sa-kai da ungozomomi su samu alawus sananne, a rana sananniya.

Na biyar, mu zauna da hukumomin Katsina, Jigawa, Sakkwato da Zamfara a samu hanya ɗaya ta bin sawun yaran da ke ƙetare iyaka, domin yaron Magarya da ke Kano ɗanmu ne duk inda ya kwana.

Ku ma kuna da naku. In ma'aikacin nan ya yi sallama ƙofar gidanku, ku shimfiɗa masa tabarma, ku gaya masa gaskiya. Ba ya zo tona asiri ba ne, rufa shi ya zo yi. Kuma duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, har da namu, ku tambaye shi a gaban jama'a: me ka tanadar wa masu kula da marayunmu da marasa lafiyarmu? In ya fara kame-kame, kun samu amsa.

Ranar zaɓe, ku fito da katinku tun da safe, ku fito da iyayenku mata, ku zaɓi canji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Allah ya ba mu zaɓe lafiya, ya zaunar da iyakokinmu lafiya, ya albarkaci Nijar.