Daji ya yi kore, amma ina gamba?

Shugabannin rugage, makiyaya maza da mata, dillalai da fataken shanu, muna yi muku barka da zuwa.

Jama'a, duk lokacin da aka tuna farin 1973 da na 1984, bisashen da suka mutu muke ƙidayawa. Ba wanda ya ƙidaya ciyawa da itatuwan da suka tafi tare da su. Garke ya sake haihuwa, amma da yawa cikin waɗannan ba su dawo ba.

Tun shekarun 1990 ruwa ya ɗan komo, sai dai ba irin na da ba ne. Zafin duniya ya ƙaru saboda hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da manyan ƙasashe ke ƙonawa, damina kuma ta canza hali. Masu bincike sun nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa gaba ɗaya sun ninka har sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya kwashe ƙasa ya yi kwari, sa'an nan a yi kwanaki ba ɗigo. Ciyawa ta tsiro, rana ta ƙone ta tun ba ta yi iri ba. Wadda ke tsira ita ce mai saurin nuna, kamar ƙarangiya. Gamba, da saiwarta ke kwana cikin ƙasa, ta riga kowa tohuwa da bazara lokacin da shanu suka fi jin yunwa, ta yi wuyar gani a wurare da yawa. Ko masu saƙar zana sun san haka. A burtalai da makiyayun jihohin Maraɗi da Doso garmani ya mamaye fili. Daga nesa kore shar, amma saniya ta sunsuna ta wuce.

Haka itatuwa. Dashi ya mutu da yawa cikin farin nan. Jiga, da raƙuma da awaki ke dogara da ganyenta da rani, ta ragu, tumfafiya kuwa sai yaɗuwa take. Ku fatake kun fi kowa sanin sakamakon: sa ya iso kasuwa ƙashi da fata, a yi masa tayin wulaƙanci.

Ku dubi shanun Kuri masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri a tabkin Cadi. Tabkin ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya koma ƙasa da 2,000 a shekarun 1980. Ruwa ya ɗan komo daga baya, amma Kuri sun cuɗanya da masu tozo, asalin irin yana ta raguwa.

Kada mu ɗora wa sama laifi duka. Gonaki sun tsallake iyakar noma da dokar 1961 ta shata a Nijar. Ana share ciyawa da manjagara a kai birni sayarwa, iri da komai. Ga gobarar daji, ga gatari, har da namu. Idan aka toshe burtali, garke ya daɗe wuri guda, ciyawar kirki yake fara cinyewa, ya bar wa garmani fili. Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙinmu ne, kuma da ita za mu je gaban magadan gari da sarakuna.

Abin da ya bunƙasa raƙuman dawa na Kure, daga 49 a 1996 zuwa ɗaruruwa, shi ne an ƙidaya su an tsare su. Don haka muke roƙon kowace ruga ta zauna da tsofaffinta, a faɗi sunayen ciyawa da itatuwan da suka ɓace kusa da rijiyarta, wanda ya iya boko ko ajami ya rubuta. Inda gamba ta saura a bar ta ta zubar da iri kafin a yanka, a kuma tara irin da kaka a kawo taro na gaba.