Jawabi A Kan Lura Da Gada Da Gine-ginen Gari Kafin Damina

(Wanga jawabi wani ɗan ƙungiya ne, ma'aikacin hanyoyi, ya yi shi a taronmu na ƙarshen rani. Mun buga shi yadda ya faɗa, domin ƴan'uwa da ke ci-rani su samu su karanta.)

 

An ce in yi magana a kan gadarmu ta bakin korama, da magazar hatsi, da azuzuwan lakwal, tun da ga damina ta ƙarato. Abubuwa ne da munka zuba wa kuɗi da gumi, waɗansu kuwa da taimakon ƴan ci-rani anka yi su. In ɗaya ya faɗi, ba a shekara guda za mu tashe shi ba. In kuwa ya faɗi da mutane, wannan ba ta da ramuwa.

Mu kan ɗauka gini abu ne tsayayye, in an gama shi an gama. Ba haka ba ne, jama'a. Kullum gini cikin motsi yake, ido ne kawai ba ya gani. Rana na miƙa shi, sanyi na ɗaure shi, iska na tura shi, ruwa na cin gindinsa. Ƙarfe ko siminti mai tsawon metir 100, in zafi ya ƙaru da digiri 30, wato kamar tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin bazara, yakan ƙara tsawo da santimetir 3 ko fiye. Gadar Kennedy ta Yamai, wadda anka buɗe a 1970, tsawonta metir 710 ne. In kun yi lissafi, miƙewar da take yi gaba ɗaya ta haura santimetir 20, taƙi guda ke nan na babban mutum. Shi ya sa masu gina gada ke barin rata da gangan tsakanin gaɓoɓinta, nan ne mota ke yin ƙara in ta taka. Tamu gajera ce, motsinta bai wuce ƙwayar dawa ba, amma ita ma tana da ratarta, kuma na duba, yashi da tsakuwa sun cike ta. Gadar da ta rasa wurin miƙewa sai ta tura bangon da ta dogara a kansa har ya tsage. Maganin wannan tsintsiya ce da ɗan ƙarfe, aikin yaro biyu na safiya guda.

Iska kuwa, abin da ya kamata ku riƙe shi ne: in gudunta ya ninka biyu, ƙarfin turinta ninkawa yake huɗu. A Amurka, a 1940, an buɗe wata doguwar gadar rataye a Takoma ranar 1 ga Yuli. Tun ana gininta ma'aikata ke ganin tana rawa ko da iska kaɗan ce. Ranar 7 ga Nuwamba iskar da ba ta wuce kilometir 70 a awa ba ta murɗe ta har ta zube cikin ruwa. Wata huɗu kawai ta yi. Tun daga nan ba a gina babbar gadar rataye sai an gwada ƙaramin samfurinta cikin iskar inji. A Taiwan akwai bene mai hawa 101 da anka rataya wa dunƙulen ƙarfe mai nauyin tan 660 can kusa da ƙololuwa. In guguwa ta karkata benen, dunƙulen sai ya ja baya, rawar ta lafa. Mu ba mu da wannan, ba mu kuma bukatarsa. Namu shi ne rufin kwano. Iskar da ke gaban hadari ba danna kwano take ba, ɗaga shi take, kuma daga kusurwa da baki take farawa. A duba ƙusoshi, a duba wayar da ta ɗaure katako da bango. Dutsen da ake ɗorawa bisa kwano ba ɗauri ba ne, ranar da iska ta fi ƙarfinsa kan wani zai sauka.

To, mu zo ga ruwa, nan ne maganar take. Yawancin gadojin da ke faɗuwa ba daga sama suke mutuwa ba, daga ƙasa ne. In ruwa mai gudu ya tarar da ƙafar gada, sai ya nutsa ƙasa, ya yi ta juyawa a gindinta yana kwashe yashi, kamar yadda yake yi wa ƙafar mutum in ya tsaya cikin korama: kana tsaye za ka ji ƙasa na zamewa ƙarƙashin diddigenka. Haka yake haƙa rami har ya kai ƙarƙashin harsashi. Mugun abin shi ne, in ruwa ya fara janyewa sai ya mayar da yashi sako-sako cikin ramin ya rufe shi. Da safe ka zo ka duba, ka ga wuri lafiya lau, alhali ƙafar gada a kan banza take tsaye. Saboda haka ido kaɗai ba ya isa. A ɗauki dogon rodi a soka a gindin kowace ƙafa: in ya shige da sauƙi kamar cikin gari, ramin na nan.

Akwai abin da muke yi da hannunmu da ke ƙara wa ruwa ƙarfi, kuma zan faɗe shi ko da ba zai yi wa waɗansu daɗi ba: ɗibar yashi kusa da gada. A ƙasar Fotugal, ranar 4 ga Maris 2001, wata tsohuwar gada da ta haura shekara 100 a kan kogin Duro ta karye da dare, lokacin ambaliya. Babbar motar fasinja da ƙananan motoci 3 sunka faɗa ruwa, mutum 59 sunka rasu. Da anka bincika, an tarar gindin ƙafa ɗaya ya zaizaye, kuma shekaru da yawa ana kwasar yashi a kogin. Na san masu amalanke da ke ɗiba a koramarmu ƴaƴanmu ne, abincinsu suke nema, ba wanda ya ce su bari. Wuri za a sake musu. Kada kuma a ce ai ƙasa da gada suke ɗiba, ruwa ya riga ya wuce. Ramin da anka haƙa a ƙasa bakinsa yakan yi ta zubewa yana tahowa baya, damina bayan damina, har ya iso gada. Wanda anka haƙa a sama kuwa yana tare yashin da ruwa ke kawowa, ruwan ya iso da yunwa, ya ci na gindin gada. Ko ta ina ba alheri. Ina roƙon mai gari ya nemi ma'aikatar ayyuka ta turo wanda zai kafa mana iyaka, mu kuma mu jera gabiyon, wato duwatsu cikin ragar waya irin waɗanda anka yi ta yi a Keita, a gindin ƙafafun biyu.

Yaya masana ke gane lafiyar gada? Iyayenmu mata sun riga su sani. Ba mai sayen tulu a kasuwa ba ta ƙwanƙwasa shi ba. In yana da tsaga, ko ba a gani, muryarsa ta dushe. Gada ma haka take, kowace tana da irin kaɗawarta in iska ko mota ta taɓa ta. A manyan gadoji, kamar Tsing Ma ta Hong Kong da anka buɗe a 1997, an liƙa ɗaruruwan ƙananan na'urori masu auna girgiza da zafi da iska da lanƙwasa, dare da rana suna aika wa kwamfuta. In gindin ƙafa ya zaizaye ko ƙarfe ya gaji, kaɗawar sai ta sake, a je a duba tun ba a yi asara ba. Amma ku lura, na'urar ba ta san gaibu ba. Abin da take yi shi ne ta auna yau, ta auna gobe, a gwama. A Yamai ma'aunin kogin Isa ƙarfe ne mai lambobi, ana karanta shi ana rubutawa. In ruwa ya kai santimetir 620 ana shelar babban haɗari. A Satumbar 2020 ya kai wajen 700. Da ba a rubuta na shekarun baya ba, wa zai san 620 ce iyaka?

Wannan kuwa muna iyawa. A shafa fenti a ƙafar gada ta tsakiya, layi-layi, kowane santimetir 10. Duk ruwan da ya sauko, a rubuta inda ya kai da ranar. Tsagar da ke bangon magaza ta gabas, da ta aji na biyu, a yi musu shaida: a manna ɗan siririn siminti a gicciye bisa tsagar, a rubuta kwanan wata a gefe. In shaidar ta zauna lafiya har kaka, tsagar ta mutu, sai a cike ta. In ta fashe, tsagar na da rai, gini na tafiya. Ko kuma a kafa ƙusa biyu, ɗaya kowane gefe, a riƙa auna tsakaninsu da abin awon ƴan lakwal. Sai dai a riƙa yi a lokaci guda, bayan sallar asuba, domin zafin rana shi kansa yana buɗe tsaga yana rufe ta. Bangon da ake zaton ya karkata, igiya da dutse sun isa su gaya mana gaskiya.

Ginin ƙasa nasa ciwon biyu ne, kai da ƙafa. Soro mai metir 4 kowane gefe, in kaurin ƙasar rufinsa santimetir 20 ne, azara na ɗauke da wajen tan 5. In indararo ya toshe ruwa ya kwana a sama, ƙasar ta sha, nauyin zai ƙaru da fiye da rabin tan, a kan azarar da wataƙila gara ta riga ta ci. Mu kuwa kowace shekara sabuwar ƙasa muke ƙarawa, ba mu kankare tsohuwa. A ƙasa kuma ruwan da ke kwanciya a gindin bango shi ke jiƙa tubali har ya koma laka. Kun ji abin da ya samu tsohon masallacin Birni a Damagaram ranar 3 ga Satumba 2024, ginin da ya haura shekara 150, ruwan sama ya kai shi ƙasa. Hasumiyar Agadas mai metir 27 ita ma ƙasa ce, tana nan tsaye. Itatuwan da ke fitowa daga jikinta matakan magina ne, a kansu ake hawa ana sake yaɓe.

Akwai alamun da ba a jiran taro a kansu. Ƙofar da ke rufuwa jiya yau ta ƙi, ƙasa na zubowa daga tsakanin azara, azara na ƙara da dare, tsagar da yatsa ke shiga kuma tana ƙaruwa cikin mako: a fitar da mutane tukuna, shawara daga baya. Mushe na da ikon fitar da yara daga aji ba sai ya tambayi kowa ba, ina so taro ya amince da wannan yau. In ruwa ya hau bisa gada, ba mai ƙetarewa, ko da kamyo ne, ko da ranar kasuwa ce. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana ɗauke mota, kuma direba ba ya ganin ko gadar na nan ƙarƙashinsa.

Abin da nake nema ga ƙungiya kaye guda ne mai kauri, da gwangwanin fenti, da rodi, da mutum uku: ɗaya na gada, ɗaya na magaza, ɗaya na lakwal. Su auna kowace Juma'a, da kuma washegarin duk wani babban ruwa. Kayen ya zauna hannun sakatare, a karanta shi a kowane taro, a kuma kai shi ma'aikatar ayyuka in kaka ta yi. Zanen gada da shaidun farko ni zan yi su tare da samari ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wanda zai zo ya taho da tsintsiya. Mai tambaya ya yi, ga ni.