Jawabi kan magungunan ƙafa da ke yawo a waya

 

Mu ba likitoci ba ne, aikinmu a ofishin kariya yake. Abin da ya kawo mu maganar ƙafa shi ne, duk wanda ƙafarsa ta kwantar da shi a nan, ba ya iya zuwa famfo, ba ya iya tsayawa layin rabon abinci, kuma ƙarshenta ofishinmu ake kawo kukansa. Mun zauna da ma'aikatan asibitin sansani kafin mu zo, abin da za mu faɗa da saninsu ne.

Yawancinmu da ƙafa muka iso nan, wasu ko takalmi babu. Kaushi da faso ba baƙon abu ba ne gare mu, ga cin ruwa tsakanin yatsu da damina. To yanzu sai ga bidiyo na yawo a WhatsApp da TikTok da Facebook: a jiƙa ƙafa a ruwan zafi da kanwa, a zuba ruwan wanke kaya mai sa fari, a shafa kananzir ko baƙin mai, a daka tafarnuwa a ɗaure a kwana da ita, a sa reza a yanke kaushi. Wai kwana uku ƙafa ta koma ta jariri.

Kwanakin baya an kawo mana wani dattijo mai ciwon suga. Jikansa ne ya ga irin wannan bidiyo, don tausayi ya haɗa masa ruwan. Dattijo ya sa ƙafa, ya zauna yana hira, bai ji komai ba. Washegari fata ta tashi, bayan mako guda ta fara wari. Sai da aka kai shi babban asibiti a gari, kuma yatsu biyu bai dawo da su ba. Yaron nan har yau ba ya iya haɗa ido da kakansa, alhali ba mugunta ya nufa ba.

Ga abin da muke so ku riƙe. Ciwon suga idan ya daɗe yana kashe jijiyoyin da ke sa mutum jin zafi a ƙafa, yana kuma rage gudun jini zuwa can. Ruwan da zai sa mai lafiya ya janye ƙafa da sauri, shi mai suga ba zai ji ba har ya ƙone. Idan kuma rauni ya samu, ba ya saurin warkewa. Haka wanda ya taɓa yin kuturta. Kuma mutane da yawa suna da suga ba su sani ba, domin ba a taɓa auna su ba. Mai bidiyo bai ga ƙafarka ba, Baba, bai san abin da ke jininka ba. Wasunsu ma a ƙarshe lambar waya suke sawa, a tura kuɗi a aiko da magani.

Ko ga mai lafiya, tafarnuwa da aka ɗaure a fata tana ƙuna kamar wuta. Kananzir da ruwan wanki suna cinye fata, su ƙara buɗe fason. Reza kuwa, ban da yanka, idan mutum biyu suka yi amfani da guda ɗaya tana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau daga wannan zuwa wancan. Rauni a tafin ƙafa a wurin da ke da ƙasa da kashin dabbobi ƙofa ce ga tetanus, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya kulle muƙamuƙi.

Ba mu ce duk abin da muka gada a watsar ba. Man kaɗanya da iyayenmu mata ke shafawa a dunduniya yana da kyau, basilin ma haka. A wanke ƙafa da sabulu da ruwa mai ɗumi kaɗan, a fara gwada ruwan da gwiwar hannu. A goge tsakanin yatsu ya bushe, musamman bayan alwala, kuma kada a sa mai a tsakanin. A sa takalmi ko da silifa ne. Mai suga ya duba ƙafarsa kullum, idan idonsa ba ya gani sosai, wani a gida ya duba masa.

Idan kuka ga ƙafa ta yi ja, ta kumbura, tana ruwa ko wari, ko yatsa ya fara baƙi, ko zazzaɓi ya biyo bayan rauni, a tafi asibiti a ranar, kada a jira gobe. Ba a biyan ko sisi. Idan an riga an gwada wani haɗi, a faɗi gaskiyar abin da aka sa, ba wanda zai yi muku faɗa.

Wanda ba ya iya takawa, a sanar da shugaban unguwa ko a zo ofishinmu, za mu nemi yadda za a ɗauke shi. Matasa masu waya, kafin ku haɗa wa tsoho wani abu, ku kawo bidiyon asibiti a gani tukuna.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu.