Ɗalibi, Tafki da Halittun da Ido Ba Ya Gani



Wannan lacca ta shafi wani aiki ne da ɗaliban jami'a masu neman digirin farko kan yi a ƙasar Amurka lokacin dogon hutu, watau binciken ƙananan halittun da ke rayuwa cikin ruwan tafki. Hutun nan yakan faɗo daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da nan ake tsakiyar damina, can kuwa shi ne lokacin zafinsu. Tun shekarar 1987 Hukumar Kimiyya ta Amurka ta kafa wani shiri na biyan ɗalibai kuɗin guzuri don su yi kamar mako goma suna bincike a ƙarƙashin wani malami. Za a ɗauki tafki guda ya zama misali, shi ne Mendota, wanda Jami'ar Wiskonsin ke zaune a bakinsa a birnin Madisin.

Tafkin ba wani babba ba ne. Faɗinsa kamar murabba'in kilomita 39 ne, wuri mafi zurfi kuwa wajen mita 25. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne daɗewar da aka yi ana lura da shi. Tun cikin shekarun 1850 ake rubuta ranar da ƙanƙara ta rufe shi da ranar da ta narke, sa'an nan Edward Birge da Chancey Juday suka ƙarar da rayuwarsu wajen auna ruwansa, har suka buga littafi a 1911 a kan iskar da ke narke cikin tafkunan jihar.

To, mene ne aikin ɗalibin? Da safe yakan shiga ƙaramin jirgin ruwa tare da wani na gaba da shi, su nufi tsakiyar tafki. Nan zai zura wani farin faifai mai igiya cikin ruwa har ya ɓace wa ido, ya rubuta zurfin wurin. Wannan dabara ce ta Angelo Secchi tun 1865, kuma har yanzu da ita ake gane tsabtar ruwa. Sa'an nan ya auna zafi da iskar oksijin mita bayan mita. Daga bisani ya zura doguwar mesa ya ɗebo ruwan mita 12 na sama, ya tace shi da wata 'yar takarda mai ƙananan ƙofofi ƙwarai, wadda ko bakteriya ba ta iya ratsawa. Takardar nan ita ce dukiyar. Akan sa ta cikin ƙaramar kwalba, a rubuta kwanan wata, a adana ta cikin sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. Mako mai zuwa ya sake yin haka, babu ƙari babu ragi.

Awon zafin nan yana da dalili. Ruwan ɗumi bai kai na sanyi nauyi ba, saboda haka da zafi ya kama sai tafki ya rabu hawa biyu, na sama mai ɗumi, na ƙasa mai sanyi, ba su gauraya. A hawan sama gansakuka kan yi yawa, musamman irin nan mai shuɗi-kore wadda a haƙiƙa bakteriya ce, domin ruwan sama yana kwaso sinadarin fosfaras daga taki da kashin shanu na gonakin kewaye ya zuba mata. In ta mutu sai ta nutse ƙasa, wasu bakteriya su cinye ta, a wajen cin kuwa su ƙarar da oksijin. Kafin hutu ya ƙare ɗalibi zai ga da idonsa na'ura ta nuna babu sauran oksijin a ƙasan tafki, laka kuma ta fara sakin fosfaras ɗin da ta riƙe. Abin da ya haddace don jarrabawa ga shi a zahiri.

Ma'aikacin hukumar ruwa ya fi kowa sanin cewa wannan ba wasa ba ne. Wasu nau'o'in gansakukar nan suna fitar da dafi mai lalata hanta, kuma tafasa ruwa ba ya kashe shi. A watan Agusta na 2014 sai da aka hana mutane kamar 400,000 a birnin Toledo na Jihar Ohayo shan ruwan famfo har kwana uku, saboda dafin ya shiga ruwan da birnin ke ja daga Tafkin Iri.

Akwai masu cewa mako goma bai isa a gano kome ba, ɗalibi dai wankin kwalabe ya je yi. Rabin maganar gaskiya ce. Cokalin shayi guda na ruwan tafki yana ɗauke da miliyoyin bakteriya, yawancinsu kuwa ba su yarda su tsiro a ɗakin bincike ba, sai dai a karanta sinadarin gadonsu, wanda masana ke kira DNA, kafin a san ko su wane ne. Damuna guda ba ta iya nuna ko abin da aka gani al'adar tafkin ce ko kuwa tsautsayin shekarar. Amma kuskure ne a raina aikin saboda wannan. Kwalbar ɗalibi ɗaya ce cikin jerin kwalabe, kuma in ya yi ganganci ya ɗebi ruwa a wani wuri dabam, ko ya rubuta kwanan wata ba daidai ba, ya ɓata wa wanda zai buɗe ta bayan shekara ashirin, alhali ba za su taɓa haɗuwa ba.

An kuwa buɗe su. A farkon 2025 Robin Rohwer da Katherine McMahon da abokan aikinsu suka buga sakamakon karanta samfuri 471 da aka tara daga Mendota cikin shekara 20. Daga ciki suka harhaɗa gadon nau'o'i fiye da 2,800. Suka tarar cewa a yawancin nau'o'in, gadon yana sauyawa tare da yanayin shekara, sa'an nan ya komo kusan inda ya faro, kamar yadda gona ke komawa kamanninta kowace kaka. Shekarar 2012 ce ta fita dabam. An yi zafi da fari a wannan shekara, ruwan da ke kwarara cikin tafki ya ragu, gansakuka ta yi ƙaranci, sai wasu daga cikin bakteriya mafi yawa a tafkin suka nuna sauyi a sassan gadonsu masu sarrafa naitirojin, sauyin da ya zauna shekaru bayan farin ya wuce. Waɗanda suka tace ruwan a 2012 ba su da hanyar sanin haka a lokacin. Abin da ke gabansu shi ne mesa, da takardar tacewa, da littafin rubuta kwanan wata.