Zumunta A Ƙafa Take

 Karatunmu yana cikin Ibraniyawa 10:24-25, inda aka gargaɗi masu bi game da fasa taruwa. Maganarmu a yau a kan zaurukan WhatsApp ce, waɗanda ƙananan ikilisiyoyinmu suka jingina da su tun da 'yan bindiga suka warwatsa iyalai daga Tsaskiya da ƙauyukan Safana da Batsari zuwa Dutsin-Ma, Katsina da Kano.

Kusan kowane zaure hanya ɗaya yake bi. Akan buɗe shi saboda wata bukata: wani yana kwance asibiti, ko an yi rasuwa, ko ana tara gudummawa domin wanda aka sace. Mutane kaɗan ne, kowa ya san kowa, roƙon addu'a kuwa yana samun amsa kafin gari ya waye. Daga nan sai a yi ta ƙara mutane, har da waɗanda ba mu san fuskarsu ba. Hotunan barka da safiya da saƙonnin da aka kwaso daga wasu wurare su binne sanarwar ikilisiya. Jita-jitar hari ta shigo, siyasa ta biyo baya, gardama ta tashi. Dattawa su yi shiru, mata su janye, wanda ya buɗe zauren ya sāke lamba. Ba a sanar da mutuwar zaure, sai dai a lura an yi wata uku ba wanda ya ce uffan.

Ban da wannan, wurin da muke taruwa a waya ba namu ba ne. Wajen shekara ta 2012 matasanmu suna kwana a 2go. Yau ina jama'ar nan? An rufe BBM a 2019. Iyayenmu sun saurari Muryar Bishara daga Addis Ababa, har gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Mu ma mun ɗanɗana: a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Safana da Batsari, aka yi watanni ba kira ba saƙo. A waɗannan watanni, wanda aka san ƙofar gidansa shi aka iya ziyarta. Wanda lambarsa kaɗai muke da ita ya ɓace mana.

Saboda haka muna roƙon kowace ikilisiya ta yi abu huɗu.

1. Sakatare ya rubuta a littafi sunan kowane iyali da ya yi ƙaura, da garin da yake, da ikilisiyar da ta karɓe shi.

2. A raba wa dattawa da Zumuntar Mata gidaje. Kowane gida a kira shi da murya sau ɗaya a wata, a kuma taka a je idan hanya ta yi kyau. A fara da gwauraye da tsofaffi, gama yawancinsu ba su da babbar waya, balle kuɗin data.

3. Kowane zaure ya kasance da masu lura biyu ko uku, da manufa ɗaya sananniya. Kada a tura labarin da ba a tabbatar ba. Kada kuma a rubuta ranar tafiyar wani, ko yawan kuɗin da aka tara, domin ba mu san hannun da wayar za ta faɗa ba.

4. Wanda ya fita daga zaure, a neme shi cikin makon nan. Sau da yawa ɓacin rai ne ya fitar da shi, kuma daga nan ake fara rashin zuwa sujada.

Waya baiwa ce, muna kuwa gode wa Allah dominta. Amma makiyayi zai ba da lissafin tumaki ɗaya ɗaya, da waɗanda suke magana a zaure da waɗanda suka yi shiru. Ubangiji ya ba ƙasarmu salama, ya komo da warwatsattunmu gida lafiya. Amin.